Yaƙinmu da Harkiya

"Ku dakata! Kada ku shigar da ni ɗaki tukuna."

Baba Mai Fili ne ya faɗi haka, ƙafarsa ɗaya a mota, ɗaya a ƙasa. Sati biyar ya yi a asibiti, ranar aka sallamo shi. Ɗansa Injiniya yana riƙe da hannunsa na dama, ni ina riƙe da na hagu, ga ledar magunguna a hammatata. Hannun nan da na sani da ƙarfi ya koma kamar kara.

Ni kuwa sai washe baki nake yi, don na san abin da yake kallo. Filin ciyawar da ke tsakanin barandarsa da ƙofar gida ya yi kore shar, kuma aikina ne.

"Baba, ka ga yadda na kula maka da ita? Sau uku na yi mata aski. Ruwa kuwa safe da yamma, ko sau ɗaya ban yi fashi ba."

Ya zame hannunsa daga nawa, ya durƙusa da ƙyar, ya tsinko ganye ɗaya. Ya murza shi, ya kai shi kusa da ido.

"Mai Aski."

"Na'am, Baba."

"Wannan ba ciyawata ba ce."

"To ta wa ce? A gidanka fa take."

"Harkiya ce," ya ce. "Ka kashe ni, Mai Aski. Abin da likitoci suka rage, kai ka ƙarasa."

Bari in gaya muku yadda aka yi. Ni mai aski ne, shagona yana jikin gidana, gidana kuma katanga ɗaya ce ta raba shi da na Baba. Shekara ashirin da ɗaya muna maƙwabtaka. Ana ce masa Baba Mai Fili ne saboda shekara talatin ya yi yana kula da filin ƙwallon wata makarantar sakandare. Da ya ajiye aiki sai ya rasa inda zai sa hannunsa, ya dasa kiri-kiri a tsakar gidansa, ya riƙa lallaɓa ta kamar jaririya. Mun sha yi masa dariya a shago. Mutum da hankalinsa yana noman abin da ba a ci, ba a sayarwa, ko akuya bai ajiye ba!

Dariyar ta tsaya ne shekara biyu da suka wuce, lokacin da matarsa, Mama, ta samu shanyewar ɓarin jiki. Ta warware kaɗan, bakinta ya dawo, amma ƙafar hagu sai dai ta ja ta. Ana cikin haka ta zame a banɗaki ta karya hannu. Tun daga ranar tsoro ya shige ta, ba ta yarda ta ɗaga ƙafa a kan siminti sai da mai riƙe ta. A kan ciyawar nan kaɗai take yarda a sake ta. Kullum da hantsi sai Baba ya fito da ita ba takalmi, ta kama sandarta, yana gabanta yana tafiya da baya yana ƙirgawa. Kafin ciwonsa ya kwantar da shi ta kai taku goma sha ɗaya, wajen rabin filin ke nan.

Da aka kwantar da shi, sai na leƙa ta katanga na ga ciyawa ta yi buzu-buzu. To a sana'ata, duk abin da ya yi tsawo ya yi buzu-buzu ƙazanta ne. Na karɓi mukullin sito wurin Mama, na jawo injin yankan ciyawarsa irin wanda ake turawa da hannu, na sauke bakinsa har matakin ƙarshe, na yi wa filin nan tal-kwabo. Sai da ƙasa ta fito fes. Na riƙa yayyafa ruwa sama-sama yadda nake fesa wa kan kwastoma. Kwana goma sai ga sabon tsiro ko'ina, kore mai haske, ganye fala-fala. Har maiɗakina na kira ta zo ta ga ikon Allah da gwanintar mijinta.

Washegarin dawowarsa ya aika a kira ni. Na same shi a baranda an jingina shi da filo biyu, Mama tana gefensa a kujerar roba.

"Zauna, likitan ciyawa," in ji Mama. "Ashe garin gyaran gira ka tsone mana ido."

"Mama, wallahi da kyakkyawar niyya na yi."

"Na sani. Da mugunta ka yi ai da ba ta kai haka ba."

Baba bai yi faɗa ba, kuma wannan ya fi mini zafi. A hankali ya yi mini karatu, yana hutawa tsakanin magana. Ya ce irin harkiya yana nan kwance a cikin kowace ƙasa, shekara da shekaru, abu biyu kawai yake jira: rana ta taɓa shi, da ɗan danshi a sama. Kiri-kiri in ta yi kauri tana yi wa ƙasa inuwa, irin bai ganin rana, sai ya ci gaba da barcinsa. Ni kuwa na yaye masa bargo, na kuma riƙa kai masa ruwa har gado.

"To Baba, ai ita ma kore ce," na ce. "Ciyawa ai ciyawa ce."

"Kore ce yau. Ka bari ta yi wata guda. Dunƙule take yi, ta miƙa hannuwa ta ko'ina, mai jan ƙafa ba ya wuce ta. In ta zubar da iri sai ta mutu da rani, ta bar maka rami a inda ta zauna. Baɗi kuma 'ya'yanta su fito dubu."

Ba a yi sati ba maganarsa ta tabbata. Mama ta ce ita fa ta gaji da zama, ta ɗauki sanda ta sauka daga baranda. Taku na huɗu ƙafar hagu ta sarƙe a harkiya, ta tafi luu ta faɗi. Ba ta ji ciwo ba, ciyawa ce ta tare ta, amma labari ya kai wa Injiniya a waya. Da la'asar sai ga shi, ya buɗe bayan mota ya sauko da keken guragu sabo fil a cikin ledarsa.

Injiniya ba mugun ɗa ba ne, kada in ɗauki alhakinsa. Mutum ne mai sauri, wanda ya saba ya ga matsala da safe ya kashe ta kafin azahar.

"Baba, ciyawa ce fa," ya ce. "Ciyawa! Ranar Asabar zan turo magini ya kankare ta, a zuba siminti, keken Mama ya riƙa tafiya sumul. Kowa ya huta."

"Ranar da uwarka ta hau keken nan ta gama tafiya da ƙafarta," in ji Baba. "Shekara arba'in da shida nake tare da ita, na san halinta."

"To ta yi tafiyar a kan siminti mana. Ai ya fi sauƙin tafiya."

"A kan siminti sai da mai riƙe ta. Wa zai riƙe ta? Kai kana can wurin aikinka. Ƙannenka suna gidajensu. Ni kuma..." Ya ɗaga hannu ya nuna ledar magunguna da ke kan tebur, bai ƙarasa ba.

Kowa ya san dalilin da ya sa asibiti suka sallame shi, amma ba wanda ya taɓa faɗa a gabansa.

"So nake kafin in tafi in ga ta taka daga nan har ƙofar gida ita kaɗai," ya ce. "Ta buɗe wa kanta ƙofa, ta rufe wa kanta. Ka ba ni sati shida. In ba ta kai ba, ka zuba simintinka."

Injiniya ya ce to. Da na raka shi mota ya tsaya yana wasa da mukulli, idonsa ya kaɗa.

"Malam Mai Aski, na yarda ne don kada in ƙi masa magana. Likita bai ba shi sati shidan ba."

Ranar na koma gida abinci ya ƙi shiga. Ni na jawo wannan, ba wani ba. Da na bar kaza cikin gashinta, da yanzu Mama ta kusa ƙofa.

Da safe na je masa da wata kwalbar maganin feshi da wani kwastoma ya ba ni, ya rantse mini kwana uku kacal ciyawa take yi ta ƙone. Baba ya sa tabarau ya karanta jikin kwalbar tun daga sama har ƙasa.

"Gaskiya ya gaya maka," ya ce. "Wannan bai san tawa da ta banza ba, duk abin da yake kore ƙone shi yake yi. Kuma matata ba takalmi take takawa. Mayar masa da abinsa, ka ce an gode. Shiga sito, za ka ga ƙullin igiya da wata wuƙa mai guntun baki. Ɗauko su."

Yana zaune a baranda ya sa na ja igiya daga katanga zuwa katanga, na raba filin gida goma sha biyu, kowane faɗinsa bai fi kamu biyu ba, yadda yake ja wa filin ƙwallo layi a da. Da yamma in ba a yi ruwan sama ba, sai in jiƙa gidan da za a yi gobe sharkaf, har sai yatsa ya nutse. Da safe in durƙusa. Ya koya mini bambance su: kiri-kiri ganyenta siriri ne, kore mai duhu, tana rarrafe gaɓa-gaɓa. Harkiya ganyenta faɗi gare shi, da ɗan gashi-gashi, duk hannuwanta daga cibiya ɗaya suke fitowa, gindin kuma ja-ja.

"Cibiyar za ka nema," yake cewa. "Sa wuƙa ƙarƙashinta, ka murɗa, ka ɗago ta gaba ɗaya. In ka fizge ta ka bar gindi, gaisuwa kawai ka yi mata. Kada ka kakkaɓe. Kada ka yar a ƙasa. Cikin buhu!"

Ba a nan aikin ya ƙare ba. Duk ramin da na cire harkiya sai na cika shi da ƙasa da yashi, in je jikin katanga inda injina bai kai ba in tsinko reshen kiri-kiri, in dasa, in danne da babban yatsa. Ya ce ramin da aka bari a buɗe shimfiɗa ce aka yi wa wata harkiyar.

Kwana uku bayana ya ƙage, ban gama gida biyu ba. Sai na yi dabara. Na kafa doka a shago: duk wanda yake jiran layi, maimakon ya zauna yana mini gardamar ƙwallo, ya shiga gidan Baba ya cire harkiya ashirin. Ranar farko mutum huɗu suka shiga. Ba a yi rabin awa ba na jiyo muryar Baba ta katanga, muryar da na ɗauka ciwo ya cinye. Na ruga da almakashi a hannu, na tarar da wani direban tasi ya tara kiri-kiri runguma guda yana jiran a yaba masa.

"Fitar mini da su!" in ji Baba, yana buga sandar Mama a ƙasa. "Mai Aski ɗaya ma ya na ƙare da shi, balle huɗu?"

Daga ranar sai ni da maiɗakina. Ita kuwa ashe gwana ce. Hannun da ya saba tsince tsakuwa a shinkafa bai ɗauki kwana ɗaya ba ya gane harkiya tun tana ganye biyu. Tana yin gida ɗaya da rabi kafin in gama rabi.

"Ka gani?" in ji Mama daga baranda. "Da tun farko ita aka ba mukullin sito."

Abin da ya fi ba ni wahala ba ciwon baya ba ne. Ciyawar ce da ta fara tsawo. Ina wucewa hannuna yana ƙaiƙayi. Na ce Baba, ko ɗan gyaran fuska in yi mata? Ya ce in kawo hannuna. Ya haɗa yatsuna uku, ya sa na kafa su a ƙasa, ɗaya kan ɗaya.

"Nan ne iyakarka. In ta wuce wannan ka rage kanta kaɗan. Ƙasa da wannan kuwa, ko bayan raina ban yafe ba."

Bai tsaya nan ba. Ya sa na ɗaga bakin injin zuwa matakin da yake so, sannan ya sa maiɗakina ta ɗaure marikin da waya, ta murɗe da filaya. A gabana! Ni da nake riƙe aska a maƙogwaron manyan mutane, yau ga shi ba a yarda da ni a kan ciyawa ba. Na ji haushi ƙwarai, amma na haɗiye, don wanzami dama ba ya son jarfa.

Ruwa ma ya canza mini tsari. Ba yayyafi kullum. In sama ta yi shiru, sau biyu a sati, da sassafe, a sake mata ruwa ta sha ta ƙoshi har can ƙasa. Ya ce haka saiwar kiri-kiri take bin ruwa ta nutse, ita kuwa harkiya mai gajeriyar saiwa ta sha ƙishi a sama.

A sati na huɗu muka fara ganin haske. Gidajen farko sun haɗe, kore mai duhu, in ka taka sai ka ji kamar katifa. Mama ta koma atisaye a kansu, maiɗakina tana gabanta tana ƙirgawa. Amma ciyawa tana tashi, Baba yana sauka. Ya daina cin abin kirki, ƙafafunsa suka kumbura. Baranda ma ta gagare shi, aka jawo gadonsa jikin taga don ya riƙa hangen filin.

Sai kuma sama ta ɓalle. Kwana uku ana ruwa ba ƙaƙƙautawa, ba halin durƙuso. Ranar Asabar da gari ya washe na shiga, na nufi gidaje uku na ƙarshe da ke bakin ƙofa, waɗanda ba mu taɓa ba. Harkiya ta yi tsawo ta fitar da kai, kowane kai da 'yan yatsu huɗu ko biyar a tsaye. Na tsinko ɗaya na kai masa ɗaki.

Idonsa a rufe yake. Na ce, "Baba, ta yi kai."

Ya buɗe ido. "Kore ne ko ya fara ja?"

"Kore ne."

"Murza a tafinka. Yana zuba?"

"Kaɗan-kaɗan."

"To yau ne, ba gobe ba. Kada ka fara cirewa, girgiza za ta zubar da irin. Kawunan za ka fara yankewa, ɗaya-ɗaya, ba tare da karan ya motsa ba." Ya maida numfashi, sannan ya dube ni. "Wannan kam aikinka ne, Mai Aski. Duk unguwar nan ba mai hannunka."

Wallahi sai da na ji ƙwalla. Sati huɗu ina shan faɗa, sai yau.

Asabar ce, ranar da shago yake cika har waje. Na rufe shi, na gaya wa masu jira su tafi da gashinsu, ba zai gudu ba. Na ɗauko almakashina mafi kaifi, wanda ba na bari kowa ya taɓa. Na durƙusa a bakin ƙofar Baba, in kama kai da yatsu biyu yadda nake kama gashin jariri, ƙyas, in sa a leda. Maiɗakina tana biye da ni da wuƙa, duk wadda na yi wa aski ta tumɓuke ta. Ba mu tashi ba sai don salla. Rana ta dake mu, gwiwoyina suka sale, wajen la'asar yatsuna suka fara ƙin buɗe almakashi. An ce aski in ya zo gaban goshi ya fi zafi, ranar na san ba ƙarya ba ne. Kafin rana ta faɗi na miƙe na duba daga katanga zuwa katanga, ban ga kai ko ɗaya a tsaye ba. Leda biyu muka cika, na kai masa har gado ya ɗaga su ya ji nauyinsu.

"A ƙone," ya ce. "Nesa da gidana."

Sauran sati biyun dashe muka yi da ciko. Gidajen bakin ƙofa ba su haɗe sosai ba, akwai ɗan tabo nan da can, amma ƙasa ta daidaita, ba abin da zai kama ƙafa. Baba kuwa ya ƙi tafiya. Ma'aikaciyar jinyar da take zuwa duba shi ta ce ita ba ta san abin da yake riƙe da shi ba. Mu mun sani.

Ranar da sati shida suka cika, Injiniya ya zo da hantsi, tare da magini mai tef ɗin awo a aljihu. Ya shigo ya maida ƙofa ya sa sakata, ya tsaya yana kallon filin. Baba ya ce a fito da shi. Ni da Injiniya muka ɗauko shi a kujera kamar ba mutum a ciki, muka ajiye a baranda.

"To, 'yan mata," ya ce wa Mama. "Bisimilla."

"Ji shi," ta ce. "Kai da aka ɗauko a kujera kake ba da umarni."

Ta cire silifas. Maiɗakina ta taimaka mata ta sauka daga baranda, sannan ta sake ta. Mama ta kafa sanda, ta ɗaga ƙafar dama, ta jawo ta hagu. Ɗaya. Baba ne yake ƙirgawa, muryarsa can ƙasa, sai ka matsa za ka ji. Biyar. Takwas. A goma sha ɗaya ta wuce inda ta saba tsayawa ko waiwaye ba ta yi ba. A goma sha bakwai sandar ta yi rawa, jikinta ya karkata hagu. Injiniya ya zabura.

"Kada ka taɓa ta!" in ji Baba.

Injiniya ya tsaya cak, hannuwansa a miƙe. Mama ta tsaya tana haki, gumi yana bin wuyanta. Ni dai idona yana kan ƙafarta, don daidai nan ne gidajen da muka yi wa aski suka fara, in akwai gindin da ya tsere mana, nan zai kama ta. Ta gyara riƙon sanda, ta jawo ƙafar. Ta wuce sumul. Goma sha takwas. Ashirin. Ashirin da uku. A ashirin da shida ta miƙa hannu ta dafa ƙarfen ƙofa.

Ba ta juyo ba tukuna. Ta jingina sanda, ta kama sakata da hannunta mai lafiya, ta ja, ta ja, ta zare. Ta tura ƙofa ta buɗe, ta leƙa titi, ta dubi hagu ta dubi dama. Sannan ta waiwayo ta nemi magini da ido.

"Malam, ka yi haƙuri an wahalar da kai," ta ce. "Ga ƙofa nan na buɗe maka."

Kai! Ban san lokacin da na yi ihu ba. Maiɗakina ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo. Magini da kansa dariya yake yi, ya ɗaga mata hannu biyu ya fice. Injiniya ya je ya rungume uwarsa yana kuka kamar ƙaramin yaro, tana ce masa ya sake ta kada ya kayar da ita bayan ta iso lafiya. Baba yana ta dariya har tari ya sarƙe shi, na riƙa shafa masa baya. Da ya lafa ya ɗaga yatsa ɗaya sama.

"Ci ɗaya da nema, Injiniya," ya ce. "An tashi wasa."

Ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba, ko ranar da na buɗe shagona.

Kwana biyar ya ƙara. A na biyar ɗin ya aika in zo in yi masa gyaran fuska. Na sa masa tawul, na shafa kumfa a hankali, don fatar ta zama kamar takarda. Yana kwance yana ba ni wasiyya, ni kuma ina cewa to. Da rani kada in bari ciyawar ta bushe. Ruwan farko na baɗi in sa ido, akwai sauran iri a ƙasa, za su gwada sa'arsu. In cire su tun suna ganye biyu. Injiniya ya ce zai koya, in nuna masa, amma kada in ba shi injin sai ya iya bambance su.

"Ka yafe mini, Baba," na ce.

"Na me? Gyara mini gefen nan, ka bar gashi."

Na gyara, na goge masa fuska, na nuna masa madubi. Ya ce ba laifi. Na koma shago. Ina tsakiyar yi wa wani malamin makaranta aski, wajen ƙarfe sha ɗaya, maiɗakina ta tsaya a bakin ƙofa ta yafito ni da hannu. Na ajiye injin aski na bi ta. Mama tana zaune a bakin gado riƙe da hannunsa, ta riga ta rufe masa ido. Ta ce ruwa ya nema, ya sha, ya juya fuska wajen taga, shi ke nan. Na yi salati, na zauna a ƙasa na yi kuka sosai, ban ji kunyar kowa ba.

Jama'a sun taru fiye da yadda muka zata, har da tsofaffin ɗaliban makarantar da suka yi ƙwallo a filinsa, wasu da furfura. Masu kawo kujeru suka fara jera su a kan ciyawa. Kafin in buɗe baki na ga Injiniya ya je da kansa yana kwashewa, yana ba su haƙuri, yana nuna musu titi da gefen katanga.

Kwana uku bayan haka baƙi suka ragu. Na shiga da sassafe in ja tiyo, don sama ta yi kwana huɗu ba ta zubo ba. Gidan shiru, labulen ɗakin Mama a sake. Raɓa ta kwanta a kan ciyawar fari fat. A cikinta ga sawun ƙafa ɗaya, ga ɗigon sanda, ga doguwar shara a gefensu inda aka ja ɗaya ƙafar, tun daga baranda har bakin ƙofa. Can gefe kaɗan kuma ga wani layin ya dawo.